Man Kakata Da Fuskar Anti Memuna

Ni da farko mai wankin mota ne, ba ɗan damfara ba. Gara in fara da wannan, don ku matasa masu karanta labarin nan kada ku ɗauka macuci da wata alama ake haihuwarsa. A Kano aka haife ni, gidan mutunci, na yi karatun allo na yi na boko daidai gwargwado. Da Allah Ya ƙaddara mini zuwa Amurka sai na sauka Greensboro, na samu aiki a wani wurin sayar da tsofaffin motoci a kan Gate City Boulevard. Aikina in wanke mota, in goge ta, in fesa mata turare har mai saye ya manta shekarunta. Ina da ɗakin kwana, ina da abinci, takarduna sun cika, ina aika wa mahaifiyata abin da ya samu. Aibina ɗaya ne, baki. In na fara zuba, ko mai sauri sai ya tsaya ya saurara.

Wadda ta riƙe ni a garin nan ita ce Anti Memuna, mutuniyar zangon Kumasi, matar Alhaji Issaka direban bas. Ba mu haɗa dangi ba, ba mu haɗa ƙasa ba. A harabar masallaci ta gan ni ranar wata Juma'a ina rarraba ido, ta ce wannan yaro yunwa yake ji, ta sa mijinta ya ɗauko ni zuwa gidansu da ke wajen Sedgefield. A garejin gidan take girki, da manyan tukwane a kan risho mai gas. Duk wani suna ko biki na Hausawan garin, na Gana ne ko na Najeriya, waakyen Anti Memuna ake ci, wato shinkafa da wakensu na can, da yajinsu baƙi mai sa mutum kuka yana ƙarawa. In an gama rabon abinci ita ce ta farko a filin rawa. Ina tsokanarta da Hausarta ta zango, wadda mace da namiji duk “ya zo” ne, ita kuma tana kirana ɗan Kano mai bakin rediyo. Tana da wani duhu-duhu a kumatunta biyu tun haihuwar autarta, amma ban taɓa jin ta ambace shi ba. Ko madubi ba ta da lokacin dubawa.

Abin ya faro ne daga wani ƙaramin sakarci. Ana shirin biki, mata sun taru a gidanta suna ƙunshi, ni kuma na je taya ta ɗaukar kuloli. Na kawar da wani kwano na baƙin lalle daga hanya, ya taɓa mini yatsu, ga zafin bazarar Carolina, sai na share gumi a kumatu. Hannun na wanke nan take, kumatun ban lura ba. Washegari na tashi da baƙin tabo a fuska kamar an ɗora mini gindin tukunya.

Ranar Juma'a kowa sai sannu yake mini. To ina zan iya buɗe baki a gaban maza in ce lallen mata ne? Ai da sun samu abin tsokana har in mutu. Sai na marairaice na ce wani ciwon fata ne ya same ni. Aka yi ta mini addu'a, ina amsawa da amin.

Lalle dai ba ya zama. Bayan ɗan lokaci ya goge da kansa, fuskata ta koma tas. Ina cikin shagon kayan abincin Afirka ina zaɓen doya, sai wata Hajiya da ta gan ni da tabon ta tsaya tana kallona. Ta ce ita ma tana fama da baƙi a wuya, don Allah me na shafa? Da na ce mata lalle ne, da labarin nan ya ƙare a nan, da ban san cikin kurkuku ba. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce wani haɗi ne na kakata, tun daga ƙauye ake aiko mini. Ni kuwa abin da nake shafawa man kaɗanya ne, kuma a shagon da muke tsaye na saye shi, yana kan kanta a bayanta. Ta roƙe ni in sam mata. Na je gida na kwaɓa man kaɗanya da kurkum da ɗigon turare, na zuba a ƙaramar kwalba na kai mata. Ta biya ni tana godiya har da durƙusawa.

Daga nan shaiɗan ya samu kujera a ɗakina. Na sayo baƙin lalle na kaina, na koyi tsarma shi yadda zai fito kamar ciwon gaske. In an ce akwai suna a Charlotte ko Raleigh ko Durham, sai in tsaya gaban madubi in zana wa kaina tabo, in sa babbar riga in tafi. In zauna inda kowa zai gan ni, in yi ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Bayan makonni in sake komawa garin da fuska sumul, ga kwalabe a but ɗin mota. Ba sai na yi talla ba, mata da kansu suke turo mazajensu. Hotuna biyu nake ɗauka, na tabo da na warkewa, su yi ta yawo a wayoyin mutane. Har suna aka sa mini, Malam mai man kaka.

Akwai ranar da na kusa tonuwa. Wani tsoho a Durham ya ƙura mini ido ya ce shi a tunaninsa a hoto kumatun dama ne ke da ciwon, yaya yau ya koma hagu? Na ce Baba, ai irin mai yawo ne, shi ya fi haɗari. Ya girgiza kai ya yi mini addu'a, ya sayi kwalba biyu. A hanyar dawowa ina tuƙi ina dariya ni kaɗai, ina jin kaina gwani.

Matsalar ita ce man kaɗanya ba ya goge tabo. Laushi yake sa fata, shi ke nan. Mata suka fara kira suna cewa ba su ga canji ba. A wurin aikinmu akwai wani mutum da ke zuwa sayen motoci yana turawa gida a kwantena, yana kuma shigo da tarkace iri-iri. Na yi masa kukan halin da nake ciki. Ya kawo mini wasu mayuka a leda, babu kwali, babu suna, ya ce in matse su cikin haɗina zan ga aiki. Bai gaya mini abin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba, don na san in na tambaya zan ji abin da zai hana ni. Aiki kuwa an gani. Fata ta riƙa washewa cikin 'yan kwanaki, waya ba ta hutawa.

Duk wannan abin ban taɓa tallata wa Anti Memuna ba. Ita ce da kanta ta tare ni a garejinta, tana juya miya, ta ce ta ji labarin sana'ata a bakin mutane, ranta bai ji daɗi ba.

“Ɗanmu ya fara kasuwa, 'yan Charlotte suna saye, ni uwarsa ban saya ba? Kawo mini biyu.”

Na ce Anti, ke me za ki yi da shi, fuskarki lafiya lau. Ta ce ita ma ta sani, tabonta bai taɓa hana ta barci ba. Amma tana so ta yaba kayana a gaban mata, kuma ba za ta yabi abin da ba ta shafa ba, don ba ta iya ƙarya ba.

Ku ji fa. Saboda kada ta yi ƙarya ta sayi ƙaryata. Ni kuma da na koma gida, maimakon in zuba mata man kaɗanya zalla, sai na yi wani tunani. Na ce matar da duk garin ke kallon fuskarta a kowane taro, in ta washe, wace talla ce ta fi wannan? Na matse mata mai ƙarfin, har na ƙara a kan yadda nake sa wa sauran.

Da farko ta yi haske, mata suka yi ta santi, tana nuna ni da ludayi tana cewa aikin ɗanta ne. Daga baya fatar ta fara yin ja, ƙuraje suka feso, in ta tsaya gaban wuta sai ta ji kamar an watsa mata barkono. Ta kira ni a waya, ba da faɗa ba, tambaya kawai take ko haka yake yi. Na ce mata dattin ne yake fitowa, ta ƙara shafawa safe da yamma. A duk abin da na aikata a rayuwata, wannan maganar ce ta fi ci mini rai. Ta kuwa ƙara. Kumatun suka yi baƙi fiye da da, baƙin ya haura goshi, fatar ta yi siriri har jijiyoyi suna nunawa.

'Yarta Fati, wadda aka haifa a nan, ita ce ta ɗauke ta sai wurin likitan fata, ta tafi da kwalbar. Aka auna abin da ke ciki, aka ga magunguna ne masu ƙarfi da ba a shafawa sai da izinin likita, har da wani da ke cutar da jiki gaba ɗaya. Magana ta kai ga hukuma. Wasu matan ma da suka yi shiru saboda kunya suka fito.

A wurin aiki aka kama ni, da tiyo a hannu ina wanke wata tsohuwar mota. Abin dariya, ranar na riga na zana sabon tabo don akwai biki a Charlotte ƙarshen mako. Da shi aka ɗauki hotona a ofishin 'yan sanda. Ma'aikaciyar jinyar wurin ta tambaye ni ko yana mini ƙaiƙayi. A cikin ɗakin tsaro ya goge da kansa, babu man kaka babu na jika.

A kotu da ke tsakiyar gari na amsa laifina, don babu abin musu. Anti Memuna ba ta zo ba. Alhaji Issaka ne ya zo, ya zauna a baya da hularsa a gwiwa. Aka yanke mini zaman gidan yari da biyan diyya. Na yi watanni a ciki. Ba zan cika ku da labarin wurin ba, abincinsu kaɗai ya isa horo ga wanda ya saba da tukunyar Anti. A can na koma sallah a kan lokaci, a can kuma na gano bakin nan nawa yana iya yin shiru.

Sau ɗaya Alhaji ya ziyarce ni. Na tambaye shi jikin Anti. Ya ce ƙurajen sun lafa, amma tun da abin ya faru ba ta sake zuwa taro ba, ko masallaci ta daina. In za ta leƙa ƙofar gida sai ta sa takunkumi irin na lokacin annoba, ta ja gyale har gira. Ta daina girki. An yi suna biyu a garin, fiza ta Turawa aka ci. Ya faɗi haka yana ɗan murmushi, ni kuwa kuka na fashe da shi a gaban masu gadi. Tun daga ranar ba fitata nake roƙon Allah ba, roƙona matar nan ta sake buɗe fuskarta a cikin mutane.

Ranar da aka sake ni ban sa ran ganin kowa ba, na shirya neman bas. Sai ga motar Alhaji Issaka a bakin ƙofa. Ya ce kada in yi masa godiya, da don ta shi ne da na taka da ƙafa, Antina ce ta aiko shi. Duk tsawon hanya ina haɗa kalmomin ban haƙuri a zuciyata, masu daɗi, irin waɗanda na iya.

Mun same ta a gareji, zaune a kujera can nesa da risho, da takunkumi a fuska. Na durƙusa zan fara, ta ɗaga hannu ta ce in adana rediyon, ta sha shi ya ishe ta. Ta ce likita ya hana ta tsayawa gaban wuta, don zafi na ƙara tabon. Sai ta miƙo mini muciya.

“Kai ka kore ni daga gaban tukunya, ɗan Kano. To kai za ka tsaya.”

Haka na zama ɗan aikin girki. Tana zaune tana ba da umarni, ni ina shan hayaƙi. Na ƙona shinkafa, na cika gishiri, na soya yaji har maƙwabcinsu Bature ya fito yana tari yana tambaya ko gobara ce. Ranar na fara jin dariyarta daga bayan takunkumin, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ta kuma sa ni na bi gida-gida, duk inda na san na sayar da kwalba, in gaya musu gaskiyar lallen da bakina. Wasu sun zage ni, wata ta watsa mini ruwan wanke-wanke, tsohon nan na Durham kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce dama shi bai taɓa jin ciwo mai ƙaura ba.

Ni nake kai ta wurin likitan fata. A ɗakin jira na zauna na koyi abin da na yi shekaru ina sayarwa ban sani ba. Ashe duhun fata iri-iri ne. Akwai na haihuwa irin na Anti, akwai wanda ƙuraje ke bari, akwai na wuya da kan zama alamar sukari, kowanne da hanyarsa. Ashe man kare fata daga rana ba na Turawa kaɗai ba ne, ni da nake ɗauka baƙar fata ta fi ƙarfin rana. Kullum da safe sai ta shafa, ta ɗora malafa a kan gyale in za mu fita, ina ce mata ta zama Bafulatana tana kai mini duka. Maganin da likitan ya rubuta ɗan kaɗan ake shafawa, na ɗan lokaci, a dawo a duba. Ya gaya mata tun farko cewa abin zai ɗauki lokaci, kuma ba lallai ya goge duka ba. Ni ban taɓa gaya wa mai saye irin wannan maganar ba.

Sannu a hankali abinci ya koma fita daga garejin zuwa taruka, amma ni nake kaiwa. Ita tana gida. In na ce Anti ki zo mana, sai ta ce tukuna. A gida ma ban taɓa ganin ta cire takunkumin a gabana ba.

Sai Allah Ya sauki Fati lafiya, ta haifi ɗiya mace, jikar Anti ta fari. Aka kama zauren taro a kan Gate City Boulevard, mutane suka zo daga ko'ina. Anti ta yarda za ta je, amma ta ce a ɗakin rabon abinci za ta zauna, can baya, kada kowa ya matsa mata. Ni da ita muna ciki ina zuba waakye a faranti, muna jin liman ta lasifika. Ya yi addu'a, ya ce sunan yarinya Memunatu.

Ba ta san za a yi mata takwara ba, ɓoye mata suka yi. Zauren ya ɗauki kabbara, sannan aka tsaya jiran mata su rangaɗa guɗa. Yaran da aka haifa a nan ba su iya ba. Wata ta gwada, muryar ta fito kamar ta kaza, aka yi dariya. Na ga Anti ta miƙe tsaye tana cewa a'a, ba za a yi wa takwararta haka ba. Guɗa kuwa sai an kama hanci, ba ta yiwuwa da takunkumi. Ta tura ƙofa ta fita tsakiyar zauren, ta fizge shi ta jefar a ƙasa, ta kama hanci ta saki wata guɗa da na tabbata an ji ta a wurin sayar da motocin da ke tsallaken titi.

Mata suka yo kanta, wannan ta rungume, wannan ta ja ta rawa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ina kallon fuskar da na daɗe ban gani ba. Tabon yana nan, ya yi sauƙi sosai amma yana nan, har da ɗan saura a goshi wanda ni na jawo shi. Ba wanda ya kalle shi. Alhaji Issaka, dattijon da ban taɓa ganin ya taka rawa ba, ya shiga fili yana juya babbar riga. Hawaye suka riƙa zubo mini ina dariya. Ta hango ni daga cikin taron ta ɗaga murya:

“Ɗan Kano, me kake kallo? Baƙi suna jiran abinci.”

Na koma na ci gaba da zubawa, ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Yanzu girki ne sana'ata, tare muke yi da ita, kuma na tuba ga Allah tuba ta gaskiya. Ku matasa, ga abin da zan ce muku. In an tambaye ku abu, gaskiyar tana da ban kunya, ku faɗe ta a yi muku dariya a wuce. Ni dariyar Juma'a ɗaya na guje wa, na ƙare a gidan yari. In kuna da tabo a fata yana damunku, ku je wurin likitan fata, ku yi haƙuri da abin da zai ce. Kada ku shafa man da ba shi da suna, ko da mai sayarwar ya rantse da kabarin kakarsa, don ni tawa kakar ko kwalba ba ta taɓa haɗawa ba, goro take sayarwa. Kuma in kun fara neman na kanku, ku tuna waɗanda za su fara saye ba baƙi ba ne, mutanen da ke ƙaunarku ne, ba don suna buƙata ba. Anti Memuna ta yafe mini, ta faɗa a gaban mutane. Amma kullum da safe in na shiga garejin nan na gaishe ta, sai na ga goshinta.